Shekara uku ina jinyar Mma, yau Yaya ya ce in kawo lissafi

'Yar Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, amma yau abin ya cika mini ciki.

Mahaifiyarmu ta faɗi a tsakar gida bayan sallar asuba, saura kaɗan shekara uku ke nan. Hawan jini ne, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ma sai wanda ya saba da ita ke ganewa. Mu biyar ta haifa. Babban yayanmu yana Jamus, mai bi masa yana Nima a Accra, ƙanwata tana aure a Tamale, autanmu yana karatu. Ni ce a gida saboda aurena ya mutu, don haka ba a ma zauna an tambaye ni ba. Ranar da aka sallamo ta daga asibiti aka shimfiɗa mini tabarma kusa da gadonta, har yau nan nake kwana.

Da ina da wuri a kasuwar Kejetia, nan Kumasi, ina sayar da mayafai da hijabai. Wata uku na farko a rufe yake. Na sa wata yarinya, jari ya riƙa zaizayewa ban san ta ina ba. Masu saye suka koma wurin wasu, mai karɓar susu, wato adashi, ya daina tsayawa, daga baya na karyar da sauran kayan na biya bashin magani.

Yaya na Jamus yana turo kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, duk wata, bai taɓa fashi ba, Allah ya saka masa. Makon jiya ya kira ya ce kuɗin suna saurin ƙarewa, in rubuto masa inda suke tafiya. Na ɗauki biro na rubuta magani, pampas na manya, sabulu, Dettol, tasi zuwa wurin gashin ƙashi da dawowa tunda ba ta iya hawa pragya mai ƙafa uku balle bas ɗin haya na trotro, kuɗin wuta saboda fanka ba ta hutawa, gas na dafa ruwan wanka, ruwan wanki da nake saye in famfo ya ɗauke. Da na gama sai na tsaya ina kallon takardar. A wane layi zan sa kasuwata? A ina zan sa bayana da ke ciwo tun bara? Don Allah ku faɗa mini gaskiya, laifi ne in rubuta su? Ina jin kamar zan sayar da jinyar uwata, kuma ina jin in ban rubuta ba ba wanda zai taɓa sani.

Ɗan Magazine:
Wa alaikumus salam. Yaya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Uwa ce fa. Wata tara tana ɗauke da ke, ta shayar da ke, ta wanke ki, ba ta rubuta wa kowa lissafi ba. Allah ne ya zaɓe ki a cikin ku biyar ya ba ki wannan ƙofar. Ki rubuta magani da pampas ki tura masa, sauran ki bar wa Allah.

Hajiya Mai Waakye:
Ɗana na Magazine, ina tambayarka tsakani da Allah, ka taɓa tashi ƙarfe uku na dare ka canza wa babban mutum shimfiɗa, ka wanke shi, ka wanke zanin gado, sannan gari ya waye ka fita neman abin da za a ci? In ba ka taɓa ba, to sassauta harshe. Yarinyar nan ba ta ce ta gaji da uwarta ba.

'Yata ta Aboabo, ni na yi jinya sau biyu, uwar mijina sannan mijin kansa, Allah ya jiƙansu. Akwai abin da kika manta a takardarki, kuma na tabbata yana cin kuɗi fiye da sabulu: masu dubiya. Ba na raina zumunci, dubiya sunna ce. Amma duk wanda ya shigo sai an ba shi ruwan leda, wani a sayo masa lemo, in lokacin abinci ne a zuba masa. Dangi su taso daga arewa su ce sun zo gaida mara lafiya, su yi mako biyu, tukunyarki ce ke ciyar da su, ranar tafiya kuma ki lalubo kuɗin mota don kada a ce kin wulaƙanta su. Wani zai ajiye sidi ashirin a gefen filo, a je a faɗa a dangi cewa ya taimaka, alhali abin da ya ci ya ninka haka. Wa zai iya buɗe baki ya faɗi wannan? Babu.

Sana'ata ta waakye, wato shinkafa da wake, tun dare ake ɗora ta. Lokacin jinyar maigida, in na ɗora wake ya kira ni, kafin in dawo wuta ta mutu ko ya kama. Masu saye ba sa jiran uzuri, layin ya koma gaba. Sai da na yi shekara biyu bayan rasuwarsa kafin in dawo da rabin mutanena. Ki rubuta, 'yata. Ki rubuta duka.

Nas a Kumasi:
Anti, zan yi magana ta fuskar aikina. Ciwon bayan nan kada ki yi wasa da shi. Mu a asibiti ba a so mutum ɗaya ya ɗaga majinyacin da ba ya iya taimakon kansa, mutum biyu ake sawa, ke kuma kina yi ke kaɗai kullum daga tabarma zuwa gado zuwa bayi. Ki shimfiɗa zani mai ƙarfi a ƙarƙashinta ki riƙa jan zanin maimakon jan jikinta, ki lanƙwasa gwiwa in za ki ɗaga, ki bar bayanki a miƙe. Wanda ba ya motsi ana so a juya shi kusan duk awa biyu saboda gyambon kwanciya, wanda ke fitowa a ƙugu da diddige da ƙasan baya. In ya buɗe, kuɗin wanke shi da ɗaure shi kaɗai ya isa ya rusa lissafin wata. To mai juya mutum duk awa biyu yaushe ta yi barci? Na sha ganin mai jinya ta kawo uwarta awo, mu ce bari mu gwada ke ma, sai a samu jininta ya fi na uwar hawa. Yaushe rabon da a gwada naki?

'Yar Aboabo:
Wallahi ban tuna ba. Katina na inshorar lafiya, NHIS, ma ya mutu tuntuni, nata kawai nake sabuntawa.

Nas a Kumasi:
Ki sabunta yau, ta waya ake yi, ki danna *929#. Kuma tunda an zo nan, mutanenmu na waje su fahimci abu ɗaya. Da yawansu suna cewa ai akwai inshora, me ake kashewa? Gaskiya ne tun dokar 2003 aka kafa NHIS, kuma wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara. Tana ɗaukar ganin likita da magungunan da ke cikin jerinta da gashi a asibiti. Amma pampas, keken guragu, katifar iska, tasi, mai zuwa gida ya yi gashi, maganin da ba ya cikin jeri ko wanda aka ce a je a saya a waje, duk daga aljihu ne. Mai shanyewar jiki kuwa yawancin jinyarsa a gida take, inda kati ba ya aiki.

Borga a Bronx:
Salam. Na ga kamar za a taru a kan mu na waje, bari in ce wani abu. 'Yar'uwa, kada ki ɗauki tambayar yayanki a matsayin zargi kai tsaye. Kowa a nan ya san wanda ya yi shekaru yana turo kuɗin gini ya dawo ya tarar da fili da ciyawa. Wannan ya sa muka koyi tambayar lissafi har a inda bai kamata ba. Kuma kuɗin da muke turowa ba tsinto su muke ba. Ni mahaifina ya rasu ina nan, ba takardun da zan fita in dawo, ta waya na ga an ɗauki gawarsa. Wannan ma wani biya ne da ba ya shiga takarda.

Amma bari in faɗi abin da ya hana ni barci da na karanta saƙonki. Aikina a nan kula da tsofaffi ne a gidajensu. In yi wa tsoho wanka, in canza masa, in ba shi abinci a baki, in juya shi. Awa-awa ake biyana, in lokacina ya cika wani ya karɓe ni in tafi in kwanta. Da wannan kuɗin nake turawa gida, inda ƙanwata ke yi wa mahaifiyarmu irin aikin nan sak, dare da rana, ba mai karɓarta, ba ko pesewa. Ni na fi kowa sanin farashin aikin, kuma ban taɓa sa shi a lissafinta ba. Kunya ta kama ni yau.

Ɗan Magazine:
To Alhaji, in aka fara biyan 'ya albashi don ta kula da uwarta, me ya rage tsakaninmu da Turawan da kake yi wa aiki? Gobe sai a ce a kai tsofaffi gidan ajiya. Kuma ina ladan?

Malam na Sawaba:
Bismillah. Ɗan'uwa na Magazine, niyyarka mai kyau ce, amma ka ɗora ayar a kan mutum ɗaya alhali ta sauka a kan biyar. Umarnin kyautata wa iyaye a Suratul Isra'i, har da hana ce musu "uf", bai ware 'yar da aurenta ya mutu ya bar ɗan da ke Accra ba. In iyaye suka rasa abin ɗaukar kansu, ɗawainiyarsu tana kan 'ya'yan da ke da hali. Wadda ta bar sana'arta ta zauna, ta sauke wa sauran wani nauyi da yake nasu ne su ma. In suka haɗa suka ba ta abin da za ta riƙe kanta, ba sayen ladanta suka yi ba, nasu wajibin suka biya. Limami ana ba shi abin hannu, malamin makaranta ana ba shi, ba mu ce ladansu ya zube ba. Lada yana bin niyya.

Batun rubutu kuma, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Addinin da ya yi wannan ba zai ga rubuta lissafi tsakanin 'yan'uwa a matsayin rashin kunya ba. Na zauna rabon gado ba sau ɗaya ba. Abin da ke raba zumunci a ranar shi ne maganar da aka haɗiye shekara da shekaru. Mai jinya ta ci bashi da sunanta don maganin uwa, ba shaida, ba takarda, sai ranar rabo ta ɗaga murya a ce tana son ta cinye gida. Bashin mamaci ana fitar da shi kafin a raba komai, amma sai an san da shi. Ku yi maganar yanzu, uwar tana raye, a gaban babba ɗaya ko biyu na dangi.

Surukar Gida:
Ku yi mini uzuri ban sa unguwata ba. Ni nawa ya ɗan bambanta, uban mijina ne, kuma jikinsa da ƙarfi, hankalin ne ya tafi. Gigin tsufa. Yana fita ya ɓace, sau biyu ana dawo mana da shi daga wajen Alabar. Yana zagina a gaban 'ya'yana, ya ce na sace masa kuɗi, mutumin da da yake kirana 'yarsa. Na san ciwo ne, amma zuciya ba ta san haka ba a lokacin da ake zagin.

Mijina yana fita tun safe. In dangi suka zo, shi ake sa wa albarka, a ce ya riƙe ubansa. Ba na neman yabo, amma ni ce na daina zuwa biki da suna da ta'aziyya har ƙawaye suka daina gayyatata. 'Yata babba ta faɗi jarrabawa saboda ita ke tsaronsa in na shiga kicin. Ɗakin da muke haya ma sai da muka ƙara wani saboda shi, mai gida ya ce sai kuɗin shekara biyu a dunƙule. Abin da ya fi ci mini rai, wata maƙwabciya ta fara cewa ba rashin lafiya ke damun tsohon ba, wai abin da ya shuka ne ke bin sa, ta hana yaranta shigowa gidanmu. Malam, ni wajibi ne a kaina ko kuwa?

Malam na Sawaba:
'Yata, wajibin yana kan ɗansa da sauran 'ya'yansa. Abin da kike yi kyautatawa ce, kuma babba ce. Ya kamata mijinki ya san haka, ya kuma nemi namiji mai taimaka wa mahaifinsa wajen wanka da tsarki, don wannan ba hurumin suruka ba ne. In yana jin nauyin maganar daga bakinki, ki sa wani babba ya faɗa masa.

Malamar Asawase:
Maganar maƙwabciyar nan kada a wuce ta. Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne, a kai shi a duba shi. A nan Ghana mun ga inda irin wannan zance ke kaiwa. A watan Yulin 2020 aka kashe Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, a Kafaba, bisa zargin maita, mutane suna tsaye suna kallo. Da ƙananan maganganu ake farawa.

Kuɗin haya kuma, dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa gaba, sai dai kowa ya san yadda ake yi a zahiri.

Ni ma'aikaciya ce, kuma mutane suna ganin mai albashi ta tsira. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba ma'aikaci hutun shekara na aƙalla kwana 15 na aiki, ta ba mai haihuwa mako 12. Jinyar uwa ko uba sai dai roƙo da alfarmar shugaba. Da mahaifina ya kwanta, na ƙi karɓar canjin wurin aiki da zai ɗaga ni, na ajiye ƙarin karatu. Waɗanda muka fara tare sun wuce ni, kuma wannan zai bi ni har fansho. Ga wanda ba shi da kowa akwai LEAP, shirin tallafi na gwamnati, tun 2008, tana ba gidaje masu tsananin talauci da tsofaffi daga shekara 65 ɗan tallafi, ana iya tambaya a ofishin jin daɗin jama'a na gunduma. Amma ba ta maye gurbin kasuwar da aka rufe.

Direban Tafo:
Ba mata kaɗai ba ne, ko da yake na yarda su suka fi yawa. Ni na yi jinyar Baba wata goma sha huɗu. Motar da nake ja ta biya-kana-aiki ce, saura kaɗan ta zama tawa. Ranakun asibiti suka sa na riƙa gaza kai kuɗin mako, mai motar ya yi haƙuri har ya gaji ya karɓe abinsa. Ban ga laifinsa ba.

Abin da har yau ban iya haɗiyewa ba shi ne bayan rasuwar. 'Yan'uwan da in na kira a kan kuɗin allura sai su ce a bari sai ƙarshen wata, su ne suka sauko da kuɗin rumfuna da kujeru da shinkafa da sa na addu'ar arba'in. Abin da aka kashe a yini ɗaya da ya riƙe Baba wata da watanni, da ya ɗauki mai taimaka mini in riƙa fita aiki. Mu a Zongo mun iya haɗa kuɗi in an mutu. Na tsaya ina gaisawa da mutane, ana cewa Allah ya ba mu haƙuri, ni kuwa ina tunanin mai kantin magani da nake bi ta bayan layi don kada ya gan ni.

Hajiya Mai Waakye:
Wannan ita ce maganar da na daɗe ina yi a ƙungiyarmu ta mata. Muna da asusun biki, muna da na rasuwa, muna yin anko. Ba mu da na jinya, ba mu da jerin wa za ta je ta zauna da tsohuwar wance ranar Talata don 'yarta ta samu ta yi barcin awa uku. Ba kuɗi wannan ke ci ba, ƙafa yake ci. Zan sake ɗaga maganar a gaban Magajiya ranar Lahadi.

Ɗan Magazine:
Na karanta duka. Har yanzu kalmar albashi ba ta kwanta mini ba. Amma in an ce a mayar mata da jarinta, kuma kowa ya ɗauki kwanakinsa, ba ni da ja. Yaya, in maganata ta farko ta yi zafi ki yafe ni.

'Yar Aboabo:
Ba komai ƙanena, na yafe. Na gode muku duka. Ga yadda ta kasance.

Na raba takardar biyu. Gefe ɗaya abin da ake saye. Ɗaya gefen na rubuta yadda yinina yake tun daga asuba har asuba, da jarin da nake da shi ranar da Mma ta faɗi, da bashin da ke kaina yanzu da sunayen masu shi. Ban sa farashi a kan komai na gefe na biyu ba, hannuna ya ƙi. Na tura wa su huɗun a lokaci ɗaya.

Yaya na Jamus ya yi kwana biyu bai ce komai ba. Jiya da dare ya turo saƙon murya, rabinsa ban ji abin da yake faɗa ba saboda kuka. Ya ce zai biya bashin a hankali, kuma in nemo mace mai hankali da za ta riƙa zuwa da rana kwana uku a mako. Jarin bai ambata ba, ni ma ban sake tayarwa ba tukuna. Na Nima ya yi fushi, ya ce na tona asirin gida kuma ina gori, ya kashe waya. Ƙanwata ta ce za ta roƙi mijinta ta zo ta yi wata ɗaya bayan Sallah. Kawunmu na Sabon Zongo ya ce zai tara mu in ta zo.

Na sabunta katina. Nas, jibi ne ranar gashin Mma, zan ce su gwada ni ni ma.

Direban Tafo:
Keken Baba yana nan a ɗaki ba mai amfani da shi, da katifar iska, sai dai famfonta na son a duba. Ɗan Magazine, kai ne mai hannu a gyara, in na kawo maka gobe da safe za ka iya dubawa? 'Yar'uwa, ki turo mini kwatancen gidan ta akwatin sirri. Jibin ma kada ki nemi tasi, akwai motar abokina a hannuna, ƙarfe nawa ake son ku isa?

Ɗan Magazine:
Kawo ta kafin tara.

'Yar Aboabo:
Bakwai da rabi suke fara karɓar kati. Layinmu mota ba ta shiga, sai dai ka tsaya a bakin masallaci mu fito da ita a keken.